Sawu Huɗu a Kwarin Tondibiya

Ranar Litinin da hantsi aka tsinci gawar maigidana a bakin hanyar Tondibiya, ƙarƙashin wani gawo. Halidu sunansa. Yana da rai ban taɓa kiransa da shi ba, Baban Hawwa nake cewa, amma tunda rubutu ne zan rubuta. Shekara ta uku ce ko ta huɗu bayan an sauke tutar Faransa, ƙarshen damina, hatsi ya fara nuna. An same shi ƙirji a murƙushe, aljifai a zazzage, ba takalmi a ƙafarsa.

Yana aiki a wani kamfanin Turawa mai sayen fatu, wata babbar mangaza ta kwano, wato ɗakin ajiyar kaya, a bakin kogi kafin a kai Tondibiya. Gidan Fata muke ce mata. Ba a aiki ranar Lahadi, amma ran nan ya fita da safe ya ce an kira su, mota za ta ɗauke su. Bai dawo ba. Gari na wayewa na ta da ƙanena Isaka, na ce ya hau keken Baban Hawwa ya nemo shi.

Isaka daga Maraɗi ya zo neman aiki, yana zaune wurinmu a unguwar Bukoki cikin Yamai. Ya daɗe yana roƙon Halidu ya kai shi Gidan Fata, Halidu yana ƙi, yana cewa ba wurin kai ɗan'uwa ba ne yanzu. Isaka mai zuciya ne. Wata rana a teburin mai shayi ya ɗaga murya, ya ce mijin yayarsa baƙin ciki yake yi masa, kuma zai gani. Duk unguwa ta ji. To ga shi an gan shi a kan keken mamaci a hanyar Tondibiya, safiyar da aka tsinci gawa. Kafin a kai Halidu makwancinsa jandarmomi sun tafi da shi.

Na gaya musu ni na aike shi. Suka ce kowace yaya haka za ta faɗa. Matan da suka zo gaisuwa suna yi mini ta'aziyya da baki, suna kallon ɗakin Isaka da ido. Wata ta ce da maƙwabciyarta, ba ta ma rage murya ba, wai tun zuwansa ta ga idonsa ba na kirki ba ne. Labarin da ke fitowa daga kaso shi ne ana dukansa safe da yamma don ya amsa, in ya amsa a kai shi gaban alƙali, daga nan sai gidan kason arewa da ba a cika dawowa ba. Miji ya tafi, ƙane zai bi.

* * *

Ajidan, wato babban jandarmomin, yana da wani mai bin sawu da yake kira in ta taso, Alu sunansa, Ba'adare daga wajen Tawa. Tun zamanin Turawa yake bin ɓarayin raƙuma. Gajeren tsoho ne, taba ba ta rabuwa da bakinsa. An sa shi ne ya tabbatar da sawun Isaka a wurin, ba don wani abu ba.

Ina cikin takaba, ba na fita. Ya zo ya tsuguna a bayan zana, ni ina ciki, ya yi gaisuwa ya nemi tsohon takalmin Isaka. Ya tambaye ni kuma wane iri Halidu ya sa ran Lahadi. Na ce na taya ne, an yi wa na hagu faci a dunduniya da ƙusa biyu. Na roƙe shi ya taimaki ƙanena. Ya ce shi ba ya taimakon kowa, abin da ƙasa ta gaya masa yake faɗa, ita ma wani lokaci tana yi masa ƙarya. Ya ce in ƙanena ne ya yi kisan, zai zo nan ya gaya mini da bakinsa kafin ya gaya wa ajidan. Daga ran nan kullum da yamma yana zuwa bayan zanan. Abin da zan rubuta daga gare shi na ji.

Da fari ya ɗauka mota ce ta buge shi, saboda ƙirjin. Akwai sawun wata babbar mota a gefen hanya, ta kauce kamar ta taka wani abu. Ya yini yana binta har tashar masu itace, aka kama direban. Sai da ya koma ya duba da kyau ya ga sawun awakin da aka koro da yammacin Asabar a kan sawun tayar. Motar ta wuce tun Halidu yana gida yana cin tuwo. Aka saki direba bayan ya sha mari, Alu ya ce laifinsa ne, ya yi gaggawa.

Ƙarƙashin gawon kuwa jama'a sun tattake komai. Sawun keken Isaka yana nan, ya zo ya tsaya ya juya. Ajidan ya ce wannan ya isa. Amma a gefen taron Alu ya ga abin da ya tsayar da shi: takalmin taya mai faci a dunduniyar hagu, yana tafiya abinsa zuwa kogi, a kan sawun ƴan kallo. Ya ce da ni tun da yake bai taɓa ganin mamaci ya tashi ya bi bayan masu kallonsa ba.

* * *

Takalmin ya kai shi bukkar wani masunci Bazabarme, wanda shi ne ya fara ganin gawar ya yi kururuwa. Yana zaune yana gyaran koma da takalmin mijina a ƙafarsa. Alu ya zauna kusa da shi, ya yi masa gaisuwarsu ta fofo, ya miƙa masa goro, ya yaba takalmin, ya tambaye shi wace kasuwa ake sayar da irinsa har da faci. Mutumin ya ajiye komar ya fara rantsuwa.

Ba shi ya yi kisan ba, ranar Lahadi duk yana kan ruwa tare da mutane. Takalmin dai ya ɗauka, ya ce ya ga mai shi ya gama da shi. Amma da tsoro ya kama shi sai ya faɗi abin da bai gaya wa jandarmomi ba. Ba a ƙarƙashin gawon ya sami gawar ba. A cikin kwari ya same ta, can ƙasa da hanya, karnuka sun fara zagaye, shi ne ya ja ta zuwa sama inda za a gani. Da ya ga kaki sai ya ji tsoron cewa ya taɓa ta. Alu ya ce ya nuna masa yadda ya same ta kwance. Masuncin ya kwanta a ƙasa ta gefen dama, fuska gabas, hannuwa a miƙe a jiki.

Yashin kwarin da sauran laima, ba wanda ya taka shi sai masuncin da karnuka. Alu ya ga mutum huɗu sun shigo daga yamma, biyu gaba biyu baya, sawunsu ya nutse, suna ɗauke da nauyi. Ya ga inda suka ajiye. Ya ga sun koma sawunsu ba nauyi. Babu na Isaka a ciki. Ya ga kuma shaidar tafin hannu a yashi, na masu taimama, da sahun ƙafafu ba takalmi, uku a jere ɗaya a gaba, suna kallon gabas.

Ya ce da farko bai ɗauke shi komai ba, ya zaci lokacin salla ne ya same su suka yi, don ya sha ganin ɓarawo ya tsaya salla da raƙumin sata a ɗaure. Har ya tashi zai tafi sai ya dawo, yana neman inda suka durƙusa don ya ga girman jikinsu. Bai samu ba.

Da yamman nan ya zo bayan zana ya tsuguna. Ya ce, “Ɗiyata, mutum huɗu sun tsaya salla. Ba gwiwa a ƙasa, ba goshi a ƙasa. Inda aka kwantar da mijinki yana gaban limaminsu. Wace salla ce wannan?”

Na ce, “Ta gawa ce, Baba.”

Ya ce, “Ita ce. Ɗan fashi ba ya sallatar wanda ya kashe. Waɗanda suka yar da shi sun san shi, kuma ba su so yar da shi ba.”

* * *

Sawun ya ɓace masa a kan tsakuwa, bai kai shi ƙofar kowa ba. Ta wannan gefen akwai gari, akwai Gidan Fata. Ajidan ya je ya gani da idonsa. Ya ce ya yarda akwai magana, amma alƙali ba ya karɓar yashi, kuma ba zai shiga mangazar Bature don mutum huɗu sun yi salla ba. Ya ce ko Isaka bai ɗauki gawa ba, yana iya zama shi ya sa aka ɗauka. Isaka ya ci gaba da zama a kaso. Wanda ke kai masa fura ya ce mini ya daina gane sallama sai an maimaita.

Ajidan ya tambayi Baturen da ke riƙe da Gidan Fata, Baturen ya ce ran Lahadi a rufe suke, kuma ya yi baƙin ciki, ma'aikaci ne nagari. Ado, sarkin aikinsu, ya ce a rufe suke. Ma'aikatan da aka tambaya ɗaya ɗaya, kowa ya ce a rufe suke, kuma kowa ya ƙara da cewa rabonsa da Halidu tun Asabar da la'asar. Alu ya ce ko ƴan makarantar allo ba sa haɗa baki haka.

Ya zagaya mangazar kamar mai neman ɓatacciyar akuya. An shafa mata sabon farin ƙasa, an share fili. Ta ƙofa ya hango damman fatu jere har rufi, ba wurin sa ƙafa. Amma hanyar da jakuna ke bi su kawo fatu daga ƙauyuka ta yi ciyawa har gwiwa, ba kashin jaki ko ɗaya. Hanyar da ta sha tafiya ita ce ta baya, wadda ta gangara kogi, sawun amalanke ya huda ta, yana sauka ba kaya yana hawowa da nauyi. Babu abin ɗauka a can sai yashi. Ya ce da ni ya ga abin amma bai gane shi ba. Wa zai tara yashi a gidan fata?

Mamman ne ya warware masa, wani ɗan Damagaram mai rubutu a buron kamfanin, wato ofishinsu, wanda ya zo gaisuwa shi kaɗai ya iske Alu a ƙofa. Alu ya tambaye shi bikin wa ake yi aka shafa farin ƙasa. Mamman ya ce baƙo ake jira daga Faransa. Ya ce a can akwai wata kasuwa da ba a kasa kaya, kamfani ake yankawa kashi kashi a sayar wa mutane, kamar yadda muke watanda. Gidan Fata yana so a sa shi a kasuwar. To masu sayen ba za su taɓa ganin Yamai ba, shi ya sa dokar kasuwar ta ce kamfanin da ke wata ƙasa dole ya bayyana komai kafin a karɓe shi: abin da ya mallaka, abin da ya yi asara, ko yana da shari'a, ko wani abu ya same shi. Kuma sai an aiko mutum ya gani da ido. In aka kama ya ɓoye, an kore shi ke nan.

Ina jin su ta zana. Alu ya tambaye shi, in mutum ya mutu a cikin mangaza fa? Mamman ya ce likita zai rubuta, jandarma zai shiga, kuma dole a sa cikin abin da za a bayyana. Ya ƙara da cewa jandarma in ya shiga, kaya yake ɗagawa. Ya ce shi a buro yake zama, ba a barinsa shiga mangaza tun farkon damina, yana da ƴaƴa, kada a ce ya ce. Ya tafi bai sha ruwan da aka kawo masa ba.

* * *

Ranar sadakar bakwai duk ƴan Gidan Fata suka zo. Ado ya kawo buhun shinkafa da sukari, ya ce saƙon Mushe ne, wato Baturen. Ajidan ma ya zo cikin riga da hula, ya zauna a gefe kamar kowa, Alu ne ya roƙe shi. Tun da safe Alu ya share ƙofar gida da kansa, ya yayyafa ruwa, bai bari an shimfiɗa tabarmi a wurin salla ba, ya ce sun jiƙe.

Aka yi la'asar a kan ƙasa. Da aka tashi aka koma inuwa, ya bi sahun yana tafiya a hankali, hannu a baya, kamar wanda ya yar da allura. Ya zo bakin zana ya ce mini a hankali dukansu huɗu suna nan, ya san su, amma saninsa ba zai buɗe kaso ba, sai baki ya faɗa. Ya ce zai yi nasa, in ina da abin cewa in ce.

Bayan an shafa fatiha ya zauna a tsakiya, ya ba da labarin kwarin tun daga shigowa har fita, bai ambaci sunan kowa ba. Ya ce na gaba ta dama gajere ne, nauyin ya fi faɗa masa. Ya ce limamin tsoho ne, yana tsayawa da ƙafar hagu a karkace irin ta wanda ya yi kurkunu. Ya ce ɗaya ya koma shi kaɗai bayan an idar, ya tsuguna a gefen gawa, shi ne ya zazzage aljifai don a ce fashi ne. Ado ya yi dariya, ya ce ashe yanzu yashi ma ya iya tatsuniya, a ba tsoho goro ya huta. Wasu suka taya shi.

Mace mai takaba ba ta magana a taron maza. Na matso jikin zana na ɗaga murya.

Na ce, “Ni ban san shari'a ba. Wanda ya sallaci Baban Hawwa a kwari, na gode masa, Allah ya biya shi. Abu ɗaya nake so ya gaya mini, don ni ba na nan. Ya samu ya yi shahada?”

Ta ramin zana ina ganin Malam Tanimu, tsohon da ke ɗaure damman fatu, wanda yake ja musu salla a wurin aiki. Shi ya raɗa wa Hawwa suna. Ya sunkuyar da kai, carbinsa ya tsaya.

Ado ya ce, “Malam, tashi mu tafi, yamma ta yi.”

Malam Tanimu ya ce, “Ya yi, Tabawa. Ni na laƙƙana masa. Ya yi sau biyu.”

Daga nan bai tsaya ba, yana magana yana kallon ƙasa. Fatu sun ƙare tun bara, masu kawowa sun koma wa wasu. Baturen ya sa su gina tsibi da buhunan yashi da ciyawa, a jera fatu ta waje a rufe, don baƙo ya ga mangaza cike. Ran Lahadi suke yi, a kulle. Yashin jiƙaƙƙe ne, tsibin ya zame, Halidu yana ƙasa. Sun tono shi da rai bayan azahar. Mota tana tsaye a fili, suka ce a kai shi likita, Baturen ya sa makulli a aljihu, ya ce a dakata ya yi tunani. Halidu ya nemi ruwa aka ba shi. Ya cika bayan la'asar, Baturen bai gama tunani ba. Sai ya ce ba a nan ya mutu ba, wanda ya ce a nan ne, shi da aiki har abada, kuma shi za a ce ya ture tsibin. Rana na faɗuwa suka ɗauke shi a kan ƙyauren kwano. An ce su jefar su dawo. Malam ya ce ya kasa, ya ce da sauran ko kare ba a yi masa haka, suka tsaya.

Ado ya miƙe zai bi ta bayan gida. Ajidan ya kira sunansa sau ɗaya, ya dawo ya zauna.

* * *

Washegari jandarmomi suka ja dami ɗaya daga tsibin, yashi ya zubo musu a ƙafa. Baturen ba ya nan, an ce ciwo ya taso masa, ya hau jirgi. Ban ji an taɓa tambayarsa komai ba. Baƙon ya zo ya ga abin da ya gani, Mamman ya ce kasuwar ta ƙi karɓarsu. Kafin sanyi ya shiga an rufe Gidan Fata. Mutum huɗun aka ɗaure, Malam Tanimu bai fito ba, a ciki ya rasu. Matan waɗanda suka rasa aiki sun daina gaishe ni a famfo. Ɗaya ta ce mini nawa ya riga ya mutu, me ya sa na kashe nasu da yunwa.

Alu ne ya rako Isaka gida, yana riƙe da hannunsa. Ya tsaya a bayan zana ya ce ga amanata, ya juya, ko zama bai yi ba. Isaka ya shigo ya tsaya a tsakar gida cikin rigar da aka kama shi da ita. Maƙwabta suka taru suna barka, har da mai cewa idonsa ba na kirki ba ne. Yana kallon bakinsu ɗaya bayan ɗaya. Na ce masa sannu, Isaka, Allah ya wanke ka. Bai amsa ba. Na sake faɗa da ƙarfi. Sai ya juyo da kansa, ya nuna mini kunnen dama, ya ce, “Yaya, dawo ta nan. Wancan sun gama da shi.”

Na zagaya ta damansa na sake faɗa.